SHARHI: Daga filin jirgi zuwa kantin kafet: Wa ke biyan arahar tafiya hutu cikin ayari?

Tun daga lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ci gaba da bai wa 'yan Najeriya biza a watan Yulin 2024, kamfanin Emirates kuma ya dawo da jiragensa Legas ranar 1 ga Oktoban wannan shekarar, tallace-tallacen tafiya hutu cikin ayari suka sake cika zaurukan WhatsApp na ma'aikatu da hukumomin tarayya a Abuja. Kwana biyar a Dubai, mako guda a Istanbul, Umara haɗe da ziyarar Alƙahira. Kowace talla takan jero abin da kuɗin ya ƙunsa: tikiti, biza, otal da karin kumallo, sai ɗauka daga filin jirgi da mayarwa, sai zagayen gari da sayayya. Mai karatu yakan tsaya ya auna tikiti da otal, domin su ne manyan kuɗi. Layuka biyu na ƙarshe kuwa ido kan wuce su, a ɗauke su tamkar gyaran da mai hatsi ke ƙarawa bayan awo. Alhali a cikinsu ne ake gane ko mutum hutu ya saya, ko kuwa shi ne hajar da aka sayar.

Abin da ya sa batun ya fi na da muhimmanci shi ne darajar naira. Kafin Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A kan wannan farashi, dala 50 da matafiyi zai bai wa direban tasi saboda motar da aka yi masa alkawari ba ta zo ba, ta kai naira 75,000, wato ta zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ma'aikacin da ya shekara yana tara kuɗi a ƙungiyar gama-kai ta ofishinsu domin ya fitar da iyalinsa sau ɗaya, ba shi da rarar da zai toshe irin wannan ɓaraka. Tsadar dala ta kuma matsa wa kamfanonin shirya tafiya, domin dole farashin da za su rubuta a talla ya yi sauƙin da ba zai kori mai saye ba. To, kuɗin da aka rage a talla ba ɓacewa yake yi ba. Wani wuri ake komawa a karɓe shi.

Kamfanin da ke da ofis a Wuse ko Garki ba shi da bas a Istanbul, ba shi da direba a Alƙahira. Abin da yake yi shi ne ya sayi hidimar ƙasa daga wani kamfani na can, wanda ke da motoci da jagorori, ya haɗa da tikiti da biza, ya ɗora ribarsa, ya sayar. Kamfanin na can yana gogayya da takwarorinsa masu yawa, kuma wanda ya faɗi farashi mafi ƙanƙanta shi ke samun ayarin. Sau da yawa farashin ba ya isa ya biya man fetur, da ladan direba, da na jagora, da kuɗin shiga wuraren tarihi. Sai a cike giɓin da la'ada. Wasu kantuna na kafet, da na kayan fata, da na turare, da na gwal, suna da yarjejeniya da kamfanonin ƙasa: a kawo musu ayari, su biya wani abu a kan kowane kai da ya shiga, ko kaso daga duk abin da aka saya, ko duka biyun. Jagora da direba su ma suna da nasu rabon. La'adar nan ba daga aljihun mai kanti take fitowa ba, a cikin farashin kaya aka cusa ta. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma bas mai sanyi ba ta ɗaukar mutum arba'in daga filin jirgi don neman lada.

Darasin ƙasar Sin

Ba a taɓa ganin inda wannan tsari ya kai maƙura kamar a kasuwar 'yan yawon buɗe ido na ƙasar Sin ba. A can aka shahara da abin da ake kira yawon da babu ko kwabo, inda kamfanin ƙasa ba ya karɓar komai daga kamfanin da ya turo ayarin, wani lokaci ma shi ke biya a kan kowane kai don a ba shi su. Jagora yakan fara aiki da bashi a wuyansa, ba shi da albashi, kuma sai ayarin ya yi sayayya zai fita. Mutumin da aka sa a irin wannan hali ba jagora ba ne, mai karɓar bashi ne. A 2010 wani faifan bidiyo ya bazu inda wata jagora a Hong Kong take zazzaga wa 'yan ayarinta masifa a cikin bas saboda ba su kashe kuɗi a kanti ba. A watan Oktoban 2015 wani ɗan yawon buɗe ido daga arewa maso gabashin Sin ya rasu a birnin bayan dukan da aka yi masa a ƙofar wani kantin kayan ado, a rikicin da ya samo asali daga ƙin sayayya.

Hukumomin Sin sun yi dokar yawon buɗe ido wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2013. Sashe na 35 na dokar ya haramta shirya tafiya a kan farashin da hankali ba zai ɗauka ba da nufin a mayar da kuɗin ta hanyar la'adar kantuna. Ya hana kamfani ya zaɓa wa matafiya wurin sayayya sai da yardarsu, kuma ya ba matafiyi kwana 30 bayan kammala tafiya ya nemi kamfanin ya karɓi kayan da aka tilasta masa saye, ya mayar masa da kuɗinsa. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ban sha'awa: farashin tafiye-tafiyen ayari ya yi tsalle a wannan watan. Ba tikiti ne ya ƙara kuɗi ba, ba otal ba. Farashin gaskiya ne ya fito fili bayan an cire abin da kantuna ke biya. Tailan ma ta kai samame a kan masu irin wannan sana'a a 2016, har 'yan sanda suka kama bas-bas fiye da 2,000, kuma yawan baƙin da ke zuwa daga Sin ya ragu na ɗan lokaci. Duk da haka al'adar ba ta mutu ba, domin muddin akwai mai neman araha, za a sami mai sayar masa da ita ta bayan gida.

Ayarin da ke tashi daga Abuja zuwa Turkiyya ko Masar ko Dubai da wuya ya gamu da kulle ƙofa ko zagi. Abin ya fi haka laushi. Za a kawo shayi a ƙananan kofuna, a shimfiɗa kafet ɗaya bayan ɗaya, ko a kunna kiɗa samari su yi ta yawo da rigunan fata a gaban baƙi. Wanda ya sha shayin mutane kuma ya ga an sha wahala dominsa, kunya kan hana shi fita hannu rabbana, musamman idan abokan aikinsa na kallo, ko maigidansa ya riga ya ciro kati. Kunya ba ta cikin lissafin da ake yi a Abuja kafin tashi, amma masu kantuna sun san farashinta sarai.

Inda mota da kanti suka haɗu

Ana iya zaton ɗauka daga filin jirgi wani abu ne daban, sayayya kuma daban. A aikace igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ita ce agogo. Yawancin otal-otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe 2 ko 3 na rana, kuma suna son a fita da ƙarfe 12. Jirgin da ya tashi daga Abuja cikin dare yakan sauka da sassafe, na dawowa kuma sau da yawa sai da yamma ko tsakar dare. Ke nan a ranar farko akwai sa'o'i shida ko bakwai da ayari ba shi da wurin zuwa, a ranar ƙarshe ma haka. Kama ɗaki tun daren jiya don mutane su kwanta da zarar sun iso kuɗi ne. Zaga gari da su a cikin bas, a tsaya a kanti biyu, riba ce. Saboda haka zagayen da aka rubuta a ranar isowa sau da yawa ba karamci ba ne, hanya ce ta cike lokacin da ba a biya kuɗin ɗakinsa ba. Kuma mutumin da bai runtsa ba, bai san darajar kuɗin ƙasar ba tukuna, bai ga farashin kaya a ko'ina ba, shi ne mafi sauƙin ciniki. Baƙo ko da ido makaho ne.

Ita kanta ɗaukar iri biyu ce, kuma talla ba ta cika bambantawa ba. Akwai motar da aka ware wa ayari ko iyali su kaɗai. Akwai kuma ta haɗaka, inda ake tara fasinjojin jirage daban-daban, a jira har mota ta cika, sannan a yi ta sauke su otal bayan otal. Wanda otal ɗinsa ne na ƙarshe yana iya shafe ninkin lokacin da ya yi zato. A irin wannan mota kuma direba yana da iyakar jiran da zai yi. Idan jirgi ya yi jinkiri, ko jami'an shige da fice suka tsare mutum ɗaya da tambayoyi, abin da mai fasfon Najeriya ya saba gani, motar na iya tafiya, a rubuta cewa fasinja bai bayyana ba.

Nisa ma abin dubawa ne. Sabon filin jirgin Istanbul, wanda aka buɗe a watan Oktoban 2018 kuma aka mayar da jiragen fasinja can daga tsohon filin Ataturk a Afrilun 2019, yana da nisan kilomita 40 ko fiye daga tsakiyar birni, kusan tazarar da ke tsakanin filin Nnamdi Azikiwe da Sakatariyar Tarayya, sai dai da cunkoson da Abuja ba ta san irinsa ba. Birnin yana da fili na biyu, Sabiha Gokcen, a ɓangaren Asiya, kuma jiragen cikin gida da yawa, ciki har da masu zuwa Kafadokiya, daga can suke tashi. Takardar da ta ce a ɗauke ka daga filin jirgi ba tare da ta faɗi wanne ba, ba ta gama magana ba. A Daular Larabawa ma haka ne: akwai babban filin Dubai, akwai na Al Maktum a can Jabal Ali, akwai na Sharja, kuma tikiti mai araha na iya sauke mutum a inda motarsa ba ta jira. Gaskiya ne akwai mafita mai sauƙin kuɗi, domin jirgin ƙasa na cikin gari ya isa filin Istanbul tun Janairun 2023, na Dubai kuma yana tsayawa a tasha ta 1 da ta 3. Amma jirgin ƙasa ba mafita ba ne ga uwa mai yara uku da akwatuna takwas da ƙarfe biyun dare.

Batun akwatuna kuwa matsala ce ta musamman ga matafiyin Najeriya. Jirage da dama kan ba fasinjan wannan hanya damar akwati biyu masu kilo 23 kowanne. Kamfanin ƙasa kuwa, wanda ya saba da Turawa, yakan lissafa akwati ɗaya da jakar hannu ga kowane mutum, ya aiko da motar da ta dace da haka. A zuwa ana iya lallaɓawa, domin akwatunan rabinsu iska ce. A dawowa ne rigima take tashi a ƙofar otal, lokacin da kaya suka ninka, direba ya ce sai an kira wata mota, kuma a biya nan take.

Tsaraba dole ce, kantin ne abin tambaya

A nan ya kamata a yi adalci. Bature na iya ƙorafi cewa ya biya kuɗi don ya ga kufai da gidajen tarihi, an kai shi kanti. Ma'aikacin Najeriya ba zai yi wannan ƙorafin ba, domin sayayya na cikin dalilan tafiyarsa. Wanda ya je Dubai ya dawo ba tsaraba, sai ya yi wa uwargida da surukai da abokan ofis bayani. Akwai mai haɗa lefe, akwai mai kayan ɗakin 'ya, akwai wadda ke ɗan kasuwancin abaya da mayafai bayan tashi daga aiki. Kuma ba kowace tsayawa ce cuta ba. Ganin yadda ake warware siliki daga ƙwanson tsutsa, ko yadda mata ke ƙulla kafet zare bayan zare, ko yadda maginan tukwane na garin Abanos ke sarrafa jan yumɓu, ilimi ne na gaske, kuma wasu daga cikin kantunan suna da kaya masu inganci, suna kuma aika wa mutum har gida.

Matsalar ita ce kantin da jagora ya zaɓa da wuya ya zama kantin da matafiyin ke buƙata. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da na Wuse da ke zuwa Istanbul ba a kantunan ayari suke saro kaya ba. Unguwannin Laleli da Merter da Usmanbe suke nufa, inda ake sayar da tufafi a kan sari. A Dubai, Dera suke shiga, kasuwar Naif da kasuwar gwal, inda farashin giram na ranar a rubuce yake a allo kowa na gani, abin da ake ciniki a kai shi ne kuɗin ƙira, kuma mutum na da damar ya leƙa shago goma kafin ya ciro kuɗi. Wannan damar ta kwatanta farashi ita ce kantin ayari ke ƙwacewa. Galibi a gefen gari yake, shi kaɗai, babu maƙwabcin da za a tambaya, bas kuma ba za ta tashi ba sai jagora ya ga dama.

Akwai kuma lokacin da ake ci. A Alƙahira, hanyar dalar Giza cike take da gidajen da ke nuna yadda ake yin takardar Fir'auna da kantunan turare. Ƙofar dalar kuwa ana rufe ta da la'asar. Sa'a biyu da aka kashe a kanti da hantsi, daga lokacin dala aka yanke su, ko daga na masallacin Azhar, ko na sabon babban gidan tarihin Masar da aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamban 2025. Babbar rufaffiyar kasuwar Istanbul, mai shaguna wajen 4,000 wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Muhammadu na Biyu, ba ta buɗewa ranar Lahadi. Jadawalin da ya sa ranar sayayya ta kashin kai a Lahadi, ya sa kantin la'ada a Asabar, ko dai an yi shi da rashin sani ne ko da sani mai yawa. Masu zuwa Umara ma sun san ɗan'uwan wannan, inda ziyarar Uhudu da Ƙuba kan ƙare a wani wurin sayar da dabino da direba ya zaɓa.

Biyan kuɗin ma yana da nasa tarko. A Fabrairun 2024 Babban Bankin ya umarci bankuna su daina ba da guzurin tafiya a tsabar kuɗi, sai ta kati ko wata hanyar lantarki. A tsakiyar 2025 kuma wasu bankuna suka sake buɗe katin naira don amfani a waje, bayan dakatarwar da suka yi tun 2022, kowanne da iyakar da ya gindaya. Ke nan yawancin sayayya yanzu da kati ake yi. Na'urar kanti takan tambayi mai saye ko a cire da dala ko da kuɗin ƙasar, kuma zaɓen dala na nufin a bar wa kantin da bankinsa su yanke farashin canji, wanda kusan kullum ya fi tsada. Sannan kayan da aka saya da kati a ƙasar da mutum zai bari jibi, mayar da su ba abu ne mai sauƙi ba. Hong Kong ta ga haka ne ta sa kantunan da ke karɓar ayari daga Sin su yi rajista, su kuma amince da mayar da kuɗi cikin wata shida. Matafiyin Najeriya ba shi da irin wannan kariya a yawancin inda yake zuwa.

Wa za a kama?

A Tarayyar Turai amsar a fili take. Dokar tafiye-tafiyen dunƙule ta 2015, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2018, ta ɗora wa kamfanin da ya shirya tafiya alhakin duk hidimar da ke cikin yarjejeniya, ko da wani ne ya aiwatar da ita a wata ƙasa. Idan mota ba ta zo ba, ba a cewa matafiyi ya je ya nemi direban. A Najeriya ikon a warwatse yake. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana rajistar kamfanonin sayar da tikiti, amma hankalinta ya fi karkata ga abin da ya shafi jirgi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013, a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas, cewa kula da otal-otal da makamantansu hurumin jihohi ne. Ma'aikatar yawon buɗe ido da aka kafa ita kaɗai a 2023, an haɗe ta da ta al'adu a Oktoban 2024, kuma ko can aikinta jawo baƙi ne zuwa Najeriya, ba kare masu fita ba. Abin da ya rage shi ne dokar gasa da kare masu saye ta 2018 da hukumarta, FCCPC, wadda ta haramta talla mai yaudara. Sai dai hukuma ba ta iya kama kamfani da alkawarin da ba a rubuta ba, kuma mafi yawan waɗannan cinikayya a saƙon murya ake ƙulla su, sai hoton talla guda ɗaya.

Shi ya sa rubutu ya zama shi ne makamin mai saye. Kamfanin kirki ba zai ƙi ya rubuta sunan filin jirgi ba, da ko motar ta ayarin ce ko ta haɗaka, da yawan akwatin da aka lissafa wa kowa, da tsawon jiran da direba zai yi idan jirgi ya makara, da lambar wayar mutumin da zai amsa a can cikin dare. Ba zai ƙi ya faɗi yawan kantunan da za a tsaya da minti nawa ba, da kuma ko wanda ba ya so zai iya zama a otal ba tare da an ci shi tara ba. Tambaya mafi amfani ita ce a ce wa kamfanin ya faɗi farashin wannan tafiyar idan an cire kantuna gaba ɗaya. Bambancin da ke tsakanin farashin biyu shi ne abin da ake sa ran a tatsa daga ayarin. Wanda ya ga adadin ya ce ya yarda, ya yi ciniki da idonsa a buɗe, babu wanda ya cuce shi.

Nauyin ya fi faɗawa kan mutum biyu. Na farko shi ne hadimin da maigida ya ce ya shirya wa iyalinsa hutu. Shi ya zaɓi kamfani, shi ya tura kuɗi, kuma wayarsa ce za ta yi ƙara da asuba idan Hajiya da yara suna tsaye a filin jirgi babu mai ɗauke da allon sunansu. Hadimin da ya ceto wa maigida dala 200 a farashi, ya jawo masa wannan kiran, bai yi riba ba. Na biyu shi ne ma'aikacin da ya tara abokan aiki ya zama shugaban ayari. Al'ada ce a wannan sana'a a ba wanda ya kawo mutum goma sha biyar ko ashirin gurbi kyauta. Ba laifi ba ne a karan kansa, domin tara mutane da bin sawun fasfo da biza aiki ne. Amma gurbin daga kuɗin sauran ya fito, kuma wanda aka ɗauke wa nauyin tafiya da wuya ya ɗaga murya idan bas ta tsaya a kanti na uku. Faɗa wa 'yan ayari tun farko shi ke raba shi da zargi. Idan kuwa ɗan kwangilar ma'aikata ne ya ɗauki nauyin hutun, ko kamfanin da ke sayar wa hukumar tikiti ne ya ba da gurbin, to magana ta canja. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kyautar da jami'in gwamnati ya karɓa daga kamfani ko mai kwangila da gwamnati ana ɗaukar ta a matsayin saɓa ƙa'ida, sai in ya tabbatar da akasin haka. Tikiti da otal da motar da ke jira a filin jirgi duk suna shiga cikin ma'anar amfani, ko da babu ambulan da ya shiga hannu.

Ranar dawowa ita ce ta fi bayyana wanda jadawalin ke yi wa aiki. Daular Larabawa tana karɓar harajin kashi 5 cikin 100 a kan kaya tun Janairun 2018, tana kuma mayar wa baƙo mafi yawansa idan sayayyar ta kai dirhami 250 a kantin da ke cikin tsarin. Sharaɗin shi ne a tantance rasit a filin jirgi kafin a miƙa akwatuna, kuma ana iya cewa a nuna kayan. Wannan na buƙatar lokaci, haka ma awon kaya da sake shirya akwatin da ya zarce kilo. Bas ɗin da ta biya ta wani kanti na ƙarshe a hanyar filin jirgi, ta sauke ayari saura sa'a biyu jirgi ya tashi, ta cinye musu wannan lokacin. Wadda ta sayi gwal na dirhami 20,000 ta biya haraji kusan dirhami 950 a ciki, kuma tana iya barin sa a can saboda layi.

A Abuja kuma jami'an kwastan na jira. Tun 8 ga Satumban 2025 hukumar ta sa dala 300 a matsayin ƙimar kayan da ba a biya wa haraji, har da na fasinja, sau huɗu a shekara. Abin da ya haura haka ana iya neman a biya masa, kuma rasit ɗin kantin ayari, wanda la'adar jagora da ta direba ke cikinsa, shi ne takardar da matafiyi zai miƙa idan aka tambaye shi nawa ya sayi kafet ɗin.